Ƙuri'ar Ƙarshe a Glenarvon

An ƙidaya ƙuri'un mazaɓar Glenarvon, an sake ƙidayawa, suka ƙi fitowa sai kunnen doki. Athol Pybus, tsohon hedimastan garin kuma baturen zaɓe, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Hantsi ya shigo ta tagogin ɗakin taro, inda tun safe mutane suka cika ana jira, har warin rigunan ulu da ruwan sama ya jiƙa ya rufe ƙamshin shayi.

Kowa a ɗakin ya san doka. Baturen zaɓe ba ya jefa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki, sannan tasa ce ke raba gardama. Shekara da shekaru Athol yana wannan aiki hannunsa bai taɓa zaɓen kowa ba, kuma gaskiya yana jin daɗin hakan. Yau abin ya zo kansa, ga shi ɗaya daga cikin 'yan takarar yayan matarsa ne.

Hedley Cairns ke nan, mai tumaki, wanda ke kan kujerar a majalisar dattawan jihar Tasmania. Kakansa ya zauna a kanta, ubansa ya zauna a kanta, tun zamanin da sai mai ƙasa ke da ikon zaɓen wannan majalisa, masu aiki a gonakin tuffa kuwa sai dai su ji sakamako a bakin shago. An buɗe wa kowa zaɓe daga baya, amma gidan Cairns ba su taɓa lura ba. Yanzu ga shi an yanke shawarar rushe mazaɓar a haɗe ta da maƙwabta. Duk wanda ya ci yau, shi ne na ƙarshe.

Mai ja da shi ita ce Noreen Triffitt, shugabar mata masu shirya tuffa cikin akwatuna. Athol ne ya koya mata karatu.

Hedley ya tako har gaban teburin, ya dafa kafaɗarsa. "To, mijin ƙanwa, me ake jira? Ko sai na tuna maka wa ya ba ka mata?"

Mutanensa suka yi dariya. Daga can baya wani mai gonar tuffa ya ɗaga murya: "Mun gani fa! In a gida za a gama, ku sallame mu mu koma gona!"

Athol ya waiwayi Beryl, matarsa, tana tsaye a ƙofar kicin da sauran matan coci. Tun jiya ta riga ta faɗi nata: Yaya Hedley yana fama da ciwon zuciya, abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce Cairns ne ya buɗe kujerar nan, Cairns ne ya rufe ta. Tsoro ya kama Athol, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da makaranta ta yi gobara.

Sai ya tuna da hula. Al'adar yankin ce: baturen zaɓen da ba ya son rigima sai ya rubuta sunaye biyu, ya jefa a hularsa, ya zaro ɗaya da ido rufe, ya ce ita ce ƙuri'arsa. Dabarar matsorata ce, amma ta ceci aure da yawa. Ya ɗauko hularsa daga ƙusa ya ajiye ta a teburi, bakinta sama.

"Za mu yi yadda aka saba," ya ce.

Hedley ya taɓe baki, amma bai hana ba. Beryl ta sauke ajiyar zuciya har Athol ya jiyo ta.

"Malam, ban yarda ba."

Noreen ce. Ta taso da rigar aikinta, ta tsaya yadda take tsayawa a da in ya kira ta gaban allo.

"Noreen, rabi da rabi ne fa. Ba a cuce ki ba."

"Babana ya tsufa a mazaɓar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa wa yake so, don ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Kai ga shi doka ta tambaye ka, sai ka ce a tambayi hula? In surukinka kake so, rubuta shi, wallahi zan miƙa masa hannu in tafi gida. Amma mutum ya rubuta."

Hedley ya gyara tsayuwa, don shi ma maganar ta yi masa daɗi. "Ta yi gaskiya. Rubuta kawai, Athol."

Athol ya ja takardar ƙuri'a gabansa. Ya san Hedley ba mugu ba ne, mutum ne dai da ke barci a majalisa ya farka lokacin cin abinci. Ya kuma san wa zai zaɓa da yana cikin ɗan ɗakin kaɗa ƙuri'a shi kaɗai, ba idon kowa a kansa. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan: ya daɗe da sani.

Ya rubuta, ya ɗaga takardar yadda wakilan ɓangarorin biyu za su gani, sannan ya karanta da muryar hedimasta: "Noreen Triffitt."

Mutanen can baya suka ɓarke da ihu. Fuskar Hedley ta yi fari fat, sannan ya miƙa wa Noreen hannu kamar yadda aka tarbiyyantar da shi. Ko kallon Athol bai yi ba.

Beryl ta kwance ƙyallen girkinta, ta ninke, ta zo ta riƙe hannun yayanta. Athol ya kewayo teburin da sauri.

"Beryl, tsaya in kawo mota."

"Yaya zai kai ni. Can gona zan zauna, yana bukatar mai kula da shi."

"Har yaushe?"

Ta dube shi, idonta a bushe.

"Da hula ce ta kayar da shi, Athol, da na yafe wa hula."