Man Giyar Haladu

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma giyabos ɗin motata ne ya jawo min shi. Da la'asar giya ta maƙale min a tsakiyar hanya da fasinja tara, sai turo motar aka yi har ƙofar gida.

In faɗi gaskiya, ta daɗe tana ba ni sanarwa. Lamba biyu ba ta zama, da na sa ta sai ta fice, har na samo tsohon tiyub na keke ina ɗaure sandar giyar da ƙafar kujera. Haladu kuwa, da muke lodi a tasha ɗaya, motarsa sa'ar tawa ce, kala ɗaya, shekara ɗaya muka saya. Amma shi duk ƙaramar Sallah sai ya shiga ƙarƙashinta, ya kwance noti, ya tsiyaye man giya, ya goge garin ƙarfen da ya manne a notin, ya zuba sabo. Ni kuwa in an juye baƙin mai daga inji, shi nake ɗura wa giyabos. Mai ai mai ne. Abin haushin, tasa ko tari ba ta yi.

To, a mafarkin na tsinci kaina a tasharmu da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Na wuce ofishin ƙungiya.

Wani bunsuru ne sakatare, da tabarau. In ya buga wa takarda hatimi sai ya cinye ta.

"Kai ne Mati?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"An kawo ƙararka."

Na waiga, sai ga giyabos ɗina zaune a benci, duk ya rame, an ɗaure masa wuya da tiyub ɗin nan.

"Shekara tara ke nan ragowar inji nake sha," in ji shi. "Abin da ya ci ya amayar, shi ake zuba min."

Na ce, "Kai, butulu! Na taɓa barin ka da yunwa?"

Kafin ya amsa sai awakin ofis suka miƙe tsaye. Giyabos ɗin Haladu ne ya shigo cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Aka ture nawa gefe aka ba shi wuri. Haladu na biye da shi, yana murmushin nan nasa na mutumin da motarsa ba ta taɓa mutuwa ran kasuwa ba.

Sakatare ya ce, "Da azahar za a duba mai. Wanda nasa ya fi baƙi, a kwashe fasinjojinsa a ba ɗan'uwansa."

Sai na gan ni a filin lodi. Hajiya Kande mai daddawa tana tsaye tsakanin motocin biyu, kwandonta a ka. Shekara goma sha huɗu gaban motata wurinta ne, ko cikinta na ciwo ba ta shiga wata. In ta zauna, sauran matan kasuwa su biyo ta. Sai na ga ta sa kunne a jikin motar Haladu tana lumshe ido.

"Hajiya, ga wurinki nan."

"Bari tukuna, ɗan nan. Ji shiru. Ashe haka mota take?"

Na ɗauki sipana da galan na baƙin mai, na zagaya, na kwanta a ƙarƙashin motar Haladu. Dabarata in zubar da nasa in ɗura masa nawa. Notin ya ƙi, na ce masa don Allah, sai ya kwance.

Mai ya fito ya yi sama, kamar yadda ruwan garin yake yi. Baƙi ƙirin, da kauri kamar kwalta, garin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Ya taru a saman tasha ya zama hadari.

Daɗi ya kashe ni. Na fito da gudu ina ihu. "Jama'a, ku zo ku ga man Haladu! Munafiki! Ashe duk kanwar ja ce!"

Babu wanda ya motsa. Haladu yana zaune a motarsa can gefe yana cin gyaɗa. Na juya na dubi wadda na fito daga ƙarƙashinta: ga tsagar gilashina, ga rawanin da na naɗe sitiyari da shi.

Sakatare ya leƙo ta taga yana tauna takarda. "A garin nan, duk motar da ka shiga ƙarƙashinta da mugun nufi, taka ce."

"To ba a faɗa min ba!"

"An rubuta. Na cinye."

Daga nan sai ga ni a kan hanya, giya ɗaya ta rage min, ribas. Ina tuƙi wuyana a juye, ni kaɗai a mota. Da na iso kasuwa aka ce min ai shekaranjiya ce, kasuwa ba ta ci ba tukuna. Na ƙara wuta, na iso makon jiya. Haladu ya wuce ni ya yi gaba, Hajiya Kande a gabansa, kwandonta a cinya, tana ba shi labarin jikokinta, labarin da ni kaɗai take ba. Ya latsa min hon. Ya sake latsawa.

Na buɗe ido. Gari ya waye, hon ɗin kuma bai daina ba, a ƙofar gidana yake.

Na fita. Haladu ne tsaye da igiya a hannu.

"Mutumina, an ce min jiya giya ta yi maka gardama. Ɗaura mu je gareji, hanyata ce." Ya sunkuya ya dubi ɗigon da ke ƙasan motar, ya dangwala da yatsa, ya shinshina. "Har yanzu baƙin mai kake ba ta?"

Na duba gaban motarsa, sai ga Hajiya Kande da kwandonta.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan," in ji ta. "Daddawa ba ta jiran bakanike."

Haka aka ja ni, ran kasuwa, ta gaban tasha, direbobi na ɗago min hannu. Na riƙe sitiyari na kasa kunne, ko Allah zai sa giyarsa ta ɗan yi ƙara sau ɗaya. Ya sa ɗaya, ya sa biyu, ya sa uku, da nauyina da na motata a bayansa. Ko ƙis ban ji ba.