Ƙeyar Saja

"Tsaya nan inda nake ganinka," in ji Saja, ya cafke hannuna mai riƙe da injin aski.

Maƙwabcina ne, tsohon soja, ɗakinsa na jikin shagona. Shi kaɗai nake jingine wa kujera da bango, in yi masa aski ta gaba kamar mai wanke wa yaro fuska. Ƙeya kuwa shi ke aske abarsa a gida, duk gargada. Nakan yi masa tsiya, ko murmushi ba ya yi.

Ran nan shago ba kowa, sai ya faɗa mini.

"Mai aski, ba a fagen fama aka karya ni ba. A bariki ne. Oganmu ya yi min fyaɗe. Ta baya ya zo, yana yin fito da baki."

Injin na ta ƙara a hannuna.

Ya ce a asibitin tsofaffin sojoji an fara sa shi cikin taron masu ba da labari. Kowa zancen bam yake, shi ma ya ƙirƙiro nasa bam ɗin. Ƙwayoyi sun sa shi barci, mafarkin yana nan. Sai wata likita ta ce ya riƙa maimaita mata labarin har ya daina ƙona shi, ya kuma koyi barin mutum ya tsaya a bayansa, kaɗan-kaɗan.

"Wannan ya fi zafi, amma shi ke min aiki. Sati mai zuwa kai za ka aske min ƙeya."

Bai kai ba. Zuciyarsa ta buga a bakin famfo, bokitinsa na ta ambaliya. Wallahi na yi kuka.

Bayan an binne shi, wani dattijo mai ƙamshin turare ya leƙo shagona daga cikin masu gaisuwa.

"Yarona ne marigayin, ni na horar da shi. Ɗan gyara min gemu."

Ya zauna, ya kwantar da kai, ya lumshe ido. Sai ya fara yin fito a hankali.

Na tsaya a bayansa da aska a buɗe, ina kallon maƙogwaronsa na motsi. Hannuna ko rawa bai yi ba, abin da ya tsorata ni ke nan.

"Malam, lafiya?"

Na ninke askar. "Mun tashi."

Da ya fita, na ja kujerar na jingine ta da bango.