Kaskon Malam Yoila

"Wa ya aike ki? Na ce wa ya aike ki, Ya Aminat?"

Malam Yoila na tsaye a tsakar gida, auduga manne a bayan hannunsa inda aka cire ƙarin ruwa, yana girgiza kaskon suya. Kwanansa uku a asibiti, kuma da wannan tambayar ya fara gaida maƙwabciyarsa.

Shekara tara suna haya gida ɗaya a unguwar Wulari, ba su taɓa shiri ba. In ba faɗan famfo ba, to na igiyar shanya ne. Amma da aka kwantar da shi, Aminat ta ga kwanukansa zube a ƙofar ɗaki, ƙuda na bi, ta kwashe ta wanke. Kaskon nan ya fi ba ta haushi, cikinsa baƙi ƙirin. Ta sa toka da soson ƙarfe ta dirje shi har ya yi fari tas, tana jin daɗin yadda za ta kunyata tsohon malamin makaranta.

"Ƙazantarka na kankare," ta ce. "Godiyar kenan?"

"Baƙin nan shi ne kaskon! Likita ya hana ni mai, saboda zuciyata. 'Yata Phebe ta aiko min da shi daga Jos, ƙwai ba ya kamawa ko babu mai. Ko cokalin ƙarfe ba na sa masa. Jahilci kawai!"

Kalmar nan ta ƙona mata rai. Duk da haka washegari ta shiga kasuwa, ta sha zagaye har ta samo irinsa. Mai shago ya ƙara mata cokalin katako, ya ce da soso mai laushi ake wankewa, bayan ya huce. Ta dawo ta tura kwalin ƙarƙashin gado. Ta rantse ba za ta ba shi ba sai ya janye jahilcin nan tukuna.

Shi kuwa taurin kai ya hana shi gaya wa 'yarsa. Kullum da safe Aminat na jin ƙarar cokali yana kankarar ƙwan da ya kama. Ranar ta huɗu ƙarar ta daina, sai ƙamshin man gyaɗa ya shigo mata ta taga. Ta tuna likita ya hana shi mai. Ta leƙa, ya harare ta, ta saki labule da tsaki.

Sati uku ana haka. Ranar Lahadi 'yan cocinsu suka biyo jin dalilin da bai zo ba, suka same shi a kujera, ya riga ya cika.

Bayan jana'iza Phebe na haɗa kayansa a tsakar gida, ta ɗago kaskon, ta daɗe tana juya shi, sannan ta dubi Aminat.

"Mama, wa ya yi wa kaskon Baba haka?"

Aminat ta juya. Ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado, dugaduganta na taɓa kwalin da ko buɗe shi ba a yi ba.