Mujallar Malam Hegde a Bangon Edna

Malam Hegde ya daɗe yana koyar da lissafi a wata sakandare da ke gindin dutsen Kagoro. Abu ɗaya ne yake zuwar masa daga gida Indiya ba fashi, wata mujallar adabi mai fita wata-wata da harshensu na Kannada. Jirgin ruwa yake sauke ta a Ikko, jirgin ƙasa ya ƙaraso da ita Kafanchan, sai ta tsufa a hanya kafin ta iso. Shi kuma ya hau kekensa ya je gidan waya ya karɓo.

Wani malamin makaranta ne ya kafa ta a garinsu tun Turawa suna mulki. Lokacin babban yaƙin duniya takarda ta yi wuya, ta tsaya, daga baya 'ya'yan mutumin suka tashe ta. Mahaifin Hegde tun fitowar farko yake sayenta, yana karanta wa iyalinsa a tsakar gida, shi ya sa da ya rasu mujallar ta buga ta'aziyyarsa da ɗan hotonsa. Yanzu ta rame, marubutan da Hegde ya sani duk sun ƙare, amma bai daina karɓa ba.

Da wa'adin aikinsa ya cika, sai tulin mujallun ya zame masa kaya. Jirgin sama ba zai ɗauka ba, ɗakin karatun makaranta kuma aka ce ba mai iya karantawa. Ƙonawa ba ta taso ba, don a wurinsu ko taka takarda mutum ya yi sai ya nemi gafara. Abokin aikinsa Malam Andrawus ya ce ya kawo, matarsa Edna, wadda ake kira Maman Kumai, ta iya adana, gara ba ta taɓa ci mata ko tsumma ba. Hegde ya kai musu, ya ce in wani ɗan ƙasarsu ya zo koyarwa a ba shi.

Sai da yana ɗaure akwati ya tuna bai cire wadda take da hoton mahaifinsa ba. Ana gobe zai tafi ya je sallama, da niyyar ya karɓo ta.

Edna ta tarye shi da fara'a, ta ce kafin ya zauna sai ya ga aikinta. Ta ɗaga labulen ɗakin baƙi. Bangon nan duka, daga ƙasa har rufi, an liƙe shi da shafukan mujallar da sitacin rogo, yadda matan unguwar suke yi da takardar da suke ji da ita. Da yawa kansu a ƙasa.

"A cikin akwati wa zai gani, Malam?" in ji ta. "Rubutunku kamar zanen ƙwarya. 'Yan zumuntar mata na coci duk sun zo kallo."

Andrawus yana bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce shi dai ajiya ya ce a yi, ashe ajiyar Maman Kumai daban take.

Hegde ya bi bangon a hankali har ya sami hoton mahaifinsa kusa da taga, a jerin masu hoto da Edna ta ware. Wannan kam a daidai yake, don fuskar ta nuna mata sama da ƙasa. Ya gaya musu ko wane ne. Edna ta dafe ƙirji, ta ce bari ta ɗauko wuƙa ta ɓamɓaro masa. Ya taɓa gefen takardar, ya ji ta zama ɗaya da bango. Kujeru ne jere a ƙarƙashinta, da tabarmar da yara suke cin abinci a kai.

"Bar shi, Maman Kumai," ya ce. "Ya saba zama cikin mutane."

Ya sha kunun da ta kawo, ya yi godiya. Da ya fito bai hau keken ba, tura shi ya yi har gida.