Fatalwar da Alhaji Barau Ya Sa wa Gidansa

Shekarun da kuɗin mai suka sauko, Alhaji Barau ɗan kwangilar kwalbati a Sheme ya tafi Ingila sayen inji, aka zarce da shi Sikotilan yawon buɗe ido. Can aka nuna masa wani tsohon gidan sarauta na dutse, rufin ma rabi ya zube, ga Turawa sun yi layi. Ya tambayi mai yi musu jagora abin da ake kallo. Mutumin ya ce tarihi ne, sannan akwai fatalwar wata gimbiya da aka yanke wa kai, ita ce ma ke jawo jama'a.

Alhaji ya dawo da maganar a ransa. Shi ba abin da ya dame shi irin a ce uwarsa, Hajiya Asibi, har yanzu tana kwana a ɗakin kara a Daudawa, ana yi masa gori. Ya gina mata bene na dutse a bakin titi, da hasumiya da ƙananan tagogi ko kan akuya ba ya shiga. Saura tarihi. Sai ya sayi goro ya bi majalisu yana ba da labari cewa wata gimbiya marar kai tana zagaya benen, yana jiran jama'a su zo su yi layi kamar can.

Labari ya karɓu fiye da yadda ya so. Magina suka bar kwanonin siminti suka gudu. Masu tallar gyaɗa suka koma tsallaken titi, direbobin Kankara kuwa in sun zo wajen sai su taka mai suna addu'a.

Hankalinsa ya tashi, ya tafi Daudawa ya durƙusa gaban tsohuwa, don ita ma labarin ya kai mata, ta ce ba ta tarewa.

"Hajiya, wallahi ni na ƙirƙiro gimbiyar nan. Ba kowa a gidan. Can Turai ado ne."

Ta ci gaba da ɓarar gujiyarta. "Kai ka kira ta da bakinka?"

"Da wasa ne."

"To su mutanen ɓoye mi ya dame su da wasanka? Ka yi masu gini, ka yi masu shela kasuwa-kasuwa. Ai sun ji. Ni ba ni zama da wadda ta riga ni shiga."

Ba ta taɓa taka ƙofar ba har ta rasu a ɗakinta na kara. Benen ya tsage, jemagu suka tare. Yanzu baƙi na tsayawa daga nesa su kalla, yara na ba su tarihinsa: gidan da aljana ta ƙwace wa wani Alhaji, ko uwarsa ba ta bari ta kwana ciki ba.