Kwalekwalen Kyaftin

"Ƙara bokiti ɗaya," in ji Kyaftin daga kan kujerarsa. "Ta can wajen hanci. Ba ka ga katakon ya fara yin fari ba?"

Tela ya dire bokitin ya dafe ƙugu. "Duk duniya kwashe ruwa ake yi daga cikin jirgi. Kai kaɗai na ga kana ɗura masa."

"Zuba dai, maƙwabci. Katako sai ya sha ruwa yake kumbura ya matse ɗan'uwansa. Ka bari ya bushe, sai ya wangale baki kamar mutanen layin nan."

Kyaftin bai taɓa tuƙa komai a kan ruwa ba. Direban bas ne da ya tsufa yana bi ta kan gadar tafki, yana leƙen masunta ta taga, fasinjoji na yi masa ihu ya dubi gabansa. Da ya ajiye aiki sai ya sayo katako, ya aro zarto, ya ce zai haɗa ɗan kwalekwale na mutum biyu ya riƙa jefa fatsa. Nan da nan unguwa ta naɗa shi Kyaftin. Masu zaman ƙofar shago, waɗanda ba su taɓa kafa ko ƙusar rataye riga ba, kullum sai sun tambaye shi yaushe za a tashi zuwa teku.

Shi ma Tela, da shagonsa ke jingine da katangar gidan, da faɗa ya fara. Bugun guduma ya hana shi jin rediyo. Ya shiga ya yi ƙorafi, ya fito riƙe da bakin katako, don Kyaftin ya ce ya ɗan tallafa masa. Daga nan ƙyallayen da ke zubewa ƙarƙashin keken ɗinki suka samu aiki: a yayyaga su, a murza, a cusa tsakanin katako da katako da bakin wuƙa, a bi da kwalta. Ragowar rigunan rabin unguwa na cikin jirgin nan, har da wani shuɗin yadi na kayan makarantar jikokin mai chemis.

Sai da jirgi ya haɗu ƙafafun maginin suka kumbura. Numfashi ya fara yi masa gardama.

"Gobe za su kwantar da ni asibiti," ya ce, yana shafa gefen jirgin. "Kar ka bari ya bushe. In na dawo, mu kai shi tare. In kuma ban dawo ba, ka kai shi. Ko sau ɗaya ne ya taɓa tafkin nan."

"Ni da ban iya iyo ba?"

"Ai shi ya sa na toshe shi da kyau."

Bai dawo ba. Wata safiya Tela na tsakiyar juye bokiti ya ji kukan matar Kyaftin daga ɗaki, an kira ta a waya daga asibiti. Ya tsaya da bokitin a sama, bai san inda zai ajiye shi ba, sai ya ƙarasa zubawa.

A zaman makoki Tela ya ga abin mamaki. Ashe duk unguwa ta daɗe da sanin cewa marigayi mutum ne mai basira. Wanda ya fara laƙaba masa Kyaftin shi ya fi kowa girgiza kai, yana cewa irin waɗannan hannaye ba a sake yin su. Yana faɗa yana miƙa hannu cikin jirgin, domin wani mai dabara ya lura ruwan na da sanyi, ya jera kwalaben lemo a ciki.

Da baƙi suka ragu, babban ɗan marigayin ya zagaya jirgin. Mutum ne mai zauren biki a bakin babban titi, kuma rabonsa da tsakar gidan tun jirgin yana tulin katako.

"A zubar da ruwan nan," ya ce wa ma'aikatansa. "Sauro kawai yake tarawa."

"Kar ku taɓa!" Tela ya sha gabansu, ya dubi ɗan. "Babanka ne ya ce kar ya bushe. Tafki za a kai shi. Na yi magana da mai a-kori-kura."

"Baba Tela, wa zai shiga? Kai?"

"Ko ba wanda zai shiga, a ɗora shi a ruwa. Abin da ya roƙa ke nan."

Ɗan ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho in an riga an gama shawara. "Ai ni karrama shi zan yi. A tafki wa zai gan shi? Ruɓewa zai yi, ko a sace. Gaban zaurena zan ajiye shi, duk wanda ya zo biki ya ga aikin Baba."

"Lokacin da yake aikin, ka zo ka gani?"

Tela ya juya wajen uwar, wadda ke zaune bakin ƙofa da carbi.

"Mama, kin ji da kunnenki. Ki yi magana."

Ta daɗe tana kallon jirgin. "Na ji, Malam Tela. Amma shi ya tafi, ni kuwa da waɗannan zan zauna." Ta ja mayafinta ta shige ɗaki.

Ma'aikatan suka kwantar da jirgin ta gefe. Ruwan ya malale ta magudana ya fita titi, ya bi ta ƙofar shagon Tela. Daga baya wani ya jona injin huda katako. Furannin da za a shuka a ciki, in ji ɗan, ba sa son ruwa ya kwanta musu a saiwa. Tela ya koma shago ya taka keke da ƙarfi don kar ya ji, amma katangar da ta kasa tare guduma ba ta tare wannan ba. Ya ɗinke hannun rigar wani a wuyanta, sai da ya farke.

Ranar da aka ɗauke jirgin, masu zaman ƙofar shago suka yi ta sa wa ɗan albarka. Ɗa na gari, suka ce, bai bar sunan ubansa ya ɓace ba.

Tela ya yi rantsuwa ba zai bi ta babban titin nan ba, ya kuma riƙe ta har ranar da zare ya ƙare masa, shagon da ke sayarwa kuma yana daura da zauren. Ga jirgin nan kan tubala, an shafe shi da farin fenti, an cika shi da ƙasa da jajayen furanni. Amarya da ango suna jingine da hancinsa, mai hoto na ce musu su ƙara matsowa.

Ya jira suka wuce. Mai kula da furannin ya jawo tiyo ya saki ruwa a ciki.

"Kullum kake ba shi?" Tela ya tambaya.

"Safe da yamma, Baba. Maigida ya ce kar a bari ya bushe."

Tela ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ta ramukan da aka huda kawai ruwan ke zuba. Ya bi haɗin katakon da yatsa tun daga hanci har baya, inda ɗan zaren shuɗin yadi ya leƙo daga cikin fenti. Ko ɗigo babu.