Jakar Tattakin Zulkifilu

Bayan zaɓen shekarar nan ne samari suka tsiri tattaki: mutum ya taka da ƙafa har gidan wanda ya ci, ya yi masa murna, a sallame shi da abin arziki. Zulkifilu na Kibiya babur yake so, ya riƙa acaɓa zuwa Rano. Onarabul ɗinsu kuwa tun da aka faɗi sakamako ya tare a Kano.

Abu ɗaya ya lura da shi a hotunan 'yan tattaki, kowa da jakar goyo. In babu ita, ai cewa za a yi mota ce ta bar ka. Ranar kasuwa sai ya nufi rumfar Baba Alu mai gwanjo.

"Baba, jakar tafiya nake so, daidai ni."

Baba Alu ya jawo wata ja daga ƙarƙashin tulin wanduna, tsawonta ya kusa buhun gero, igiyoyi ta ko'ina. Shi kuwa a duniya awo ɗaya ya sani, na wando: a zagaya ƙugun a wuya, in ya haɗu to ya yi. Ya ninka ɗamarar jakar biyu, ya zagaya wa Zulkifilu a wuya. Ta haɗu, ta wuce, ta kusa sake zagayowa.

"Baba, kamar ta yi yawa."

"Yawa? Kai da za ka ga Onarabul? Ƙiba za ka yi, ɗan samari. Ba a sayen kaya daidai jikin yau."

Zulkifilu bai iya musu da manya ba. Ya zuba rigarsa ɗaya da buta da ƙullin ƙuli-ƙuli a ciki, suka ɓace kamar an jefa su rijiya. Da hantsi ya kama hanya.

Kafin Rano jakar ta nuna halinta. Gindinta na dukan bayan gwiwarsa, duk taku sai ya ɗan durƙusa, har masu keke suna amsa masa gaisuwa. Samanta kuwa ya lanƙwaso ya rufe masa ido. Ya ja wannan igiya, waccan ta saki. Ya ja waccan, butar ta tsiyaye masa a ƙeya.

A gindin wani dutse ya tarar da Fanta, wata dattijuwa mai tallar nono, tana hutawa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan mugunta?"

"Saya na yi, Inna."

"Tun da nake ban ga an yi goyo a gwiwa ba. Sunkuya."

Ya sunkuya. Ta cicciɓa jakar ta ɗora masa a kan ƙugu, ta ciro tsohon majanyi daga cikin kayanta ta ɗaure tam. Ya miƙe, jakar ta sulale.

"Ba kowa a ciki, ina za ta zauna? Ɗebo duwatsu."

Suka zuba manya a ƙasa, ƙanana a sama, ta sake ɗaurewa. Abin mamaki sai jaka ta lafe a bayansa kamar tare aka haife su. Kafaɗa ta huta, ƙugu ya karɓi aiki. Haka ya taka har Kano, in ya tsaya shan ruwa ma sai ya ga yana ɗan jijjiga ta.

A ƙofar gidan Onarabul mai gadi ya ce a buɗe jaka. Ya leƙa, ya ja da baya.

"Daga ina?"

"Kibiya. Wajen Onarabul na zo, takanas."

Mai gadi ya ruga ciki. Jim kaɗan ya dawo, taga ta buɗe a saman bene, muryar Onarabul kawai ake ji.

"Su nawa ne?"

Mai gadi ya ce, "Shi kaɗai, ranka ya daɗe. Amma duwatsun za su ishi unguwa."

"Me muka yi wa mutanen Kibiya alkawari?"

"Komai, ranka ya daɗe."

"Tambaye shi abin da yake so, da lalama!"

Zulkifilu ya cire hula, ya ce shi dai babur. Bai rufe baki ba aka turo sabo fil daga gareji, da ledarsa.

"Sai ka sauke duwatsun a nan," in ji mai gadi.

"Ayya, ku yi haƙuri. In na sauke ba za ta zauna ba. In an sake zaɓe ma da su zan dawo."

Aka rufe taga da ƙarfi.

Sai da ya fito titi ya tuna bai taɓa koyon tuƙi ba. Ya gyara majanyi, ya kama kan babur, ya fara tura shi hanyar Kibiya a hankali, don kada ledar ta yage.